Disco ta zana min taswira, amma sai da mai sito ya fassara ta

Wata uku ke nan ina aiki da Disco, manhajar kamfanin Fluxicon na ƙasar Holan, wanda Anne Rozinat da Christian Günther suka kafa, su biyun kuma sun yi karatun digirin digirgir a jami'ar fasaha ta Eindhoven, cibiyar fannin tono tsarin aiki daga bayanan kwamfuta, wanda shi ne aikin Disco. Ni kuwa abin da ya kai ni gare ta ƙarami ne: a kamfanin rarraba kayan masarufi da nake wa aiki, oda tana ɗaukar kwanaki kafin mota ta tashi, kowane sashe kuma yana cewa ba daga wajensa ba ne.

Shigar da bayanai bai ba ni wahala ba. Abu uku take nema a fayil ɗin jadawali irin na CSV ko Excel: lambar da ke bin kowace oda, sunan abin da aka yi, da lokacin da aka yi shi. Kafin shayina ya huce taswirar matakan da oda ke bi ta fito. Sai dai abin da na gani tamkar taliyar da aka kifar a tire ne, layi ya hau layi, ba kai ba gindi.

Ba laifin manhajar ba ne. Kwamfutarmu ba ta rubuta "an duba kaya" ko "an amince da bashi". Abin da take rubutawa shi ne "an buɗe shafi", "an gyara rikodi", "an adana". Wannan "an gyara rikodi" kaɗai ya cika rabin taswirar, alhali ayyuka ne daban-daban suka sanya riga ɗaya. In mai sito ne ya danna, yawan katan ya rage bayan lodi. In akanta ce, farashi ta gyara a daftari. In kuma manaja ne, ƙarfe tara na dare, to yawanci rangwame ya yi wa wani babban dila.

A nan ne Disco ta burge ni. Wajen shigar da fayil tana barin mutum ya haɗa ginshiƙi biyu ko uku su zama sunan aiki ɗaya. Na haɗa abin da aka danna da sashen mai dannawa da sunan shafin, nan take akwati ɗaya ya rabu gida huɗu, kowanne da ma'anarsa. Akwai kuma matacin da ke ciro odar da wani aiki ya biyo bayan wani, da shi na gano gyaran farashin da ake yi bayan an riga an buga rasit.

Abin da ya rage sai da hannu. Danne-danne bakwai ko takwas da mutum ɗaya ya jera cikin 'yan mintuna a kan oda guda, aiki ɗaya ne a zahiri. Tattara su na yi tun kafin shigarwa, da ɗan rubutun Python, harshen shirya manhaja, kuma ƙa'idar tazarar da za ta raba aiki da aiki ba daga kaina ta fito ba. Zama na yi da dattijon da ke kula da sito, na nuna masa jerin. Ya ce, "Malam, wannan ai ba aiki biyu ba ne. Sallar azahar ce ta shiga tsakani." Da na yanke a minti goma, da na ƙirga lodi ɗaya sau biyu.

Ga mai son gwadawa, ɗalibai da malaman jami'a suna da lasisin kyauta, kamfani kuwa biya yake yi. Wanda ya iya Python zai iya leƙa PM4Py, kayan aikin Python na wannan fanni, amma ba zai samu hoton odoji na yawo a taswira cikin sauƙi haka ba, wanda shi ne ya sa shugaban sashen kuɗi ya yi shiru ranar da ya ga inda suke cunkushewa: teburin amincewa da bashi, daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Litinin.