Mai harkar takardun mota a Gombe da ya taimaka min na yi wa Fijo ta rajista a Ingila

Jama'a masu tambaya ta wa ya yi min aikin takardun Fijo 504 ɗin nan ta marigayi Baba, wani bawan Allah ne mai ɗan ofis a wajen Jekadafari, kuma gaskiya ya ci kuɗinsa halak malak.

Motar haɗin Kaduna ce, ta kamfanin PAN, ƙirar 1980, ta daɗe a rufe a gidanmu na Bolari, ni kuma ina Ingila ba halin zuwa. Saka ta a kwantena daga Legas ba shi ne wahalar ba, wahalar tana wajen DVLA, hukumar rajistar motoci da ke Swansea, don su fa sai sun ga shaidar shekarar ƙira da takardar rajista ta asali, kuma lambar casis ta dace harafi da harafi. To a nan mutumin ya burge ni wallahi. Da kansa ya je gida, ya sa Yaya ya buɗe akwatin ƙarfen Baba, suka zaƙulo tsohon katin motar duk ya yi ja, gefensa gara ta ɗan taɓa, sannan ya kira bakanike aka goge wajen lambar da burushi da kananzir har ta fito sarai ya ɗauko hoto ya turo min ta WhatsApp. "Alhaji duba da kyau, wannan takwas ce ba uku ba," haka ya ce min, ashe a wata takardar sabunta lasin an rubuta ta ba daidai ba, shi ya bi aka gyara tun motar ba ta bar Gombe ba. Da ta iso a haka da Allah kaɗai ya san watannin da zan yi ina musayar wasiƙa.

A nan Ingila kuma doka ce a sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da shigowar mota, abin da suke kira NOVA, sai a cike fom V55/5 a biya fam 55, da inshora. Tunda ta wuce shekara 40 ba sai an kai ta gwajin lafiyar mota na MOT ba, harajin hanya ma babu in an sa ta a rukunin motocin tarihi. Sitiyarin hagu bai hana komai ba.

Inda nake da ƙorafi, ɗaukar waya. Sai ka kira ka kira shiru, sai can bayan isha'i ya turo saƙon murya, kuma rasit sai ka matsa masa. Ga wanda ke nesa hankali na tashi, na faɗa masa ya ce zai gyara.

Ɗan uwa in za ka ba shi aiki ku yi tsada tun farko, kuɗin tirela zuwa Legas daban ne ba ya cikin nasa.