Nice, Cannes ko kan dutse: ina ya kamata ka sauka a Côte d'Azur?

Idan ka samu bizar Schengen, kana da mako guda, kuma ranka na kan gaɓar Bahar Rum ta kudu maso gabashin Faransa, wato Côte d'Azur, abin da za ka fara yankewa shi ne masauki. Garuruwan a jere suke a bakin teku, jirgin ƙasa kuma yana ratsa su tun daga Cannes har cikin Italiya, don haka babu dalilin sauya otal kullum.

Ni dai Nice zan ce maka. A nan filin jirgin saman yake, taragon cikin gari yana ɗauko mutum daga can zuwa tsakiyar birni da kuɗi kaɗan. Titin bakin ruwa, Promenade des Anglais, ya kai kusan kilomita 7, kuma UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. Ga mai iyali, abu mafi muhimmanci shi ne abinci. Akwai 'yan asalin arewacin Afirka da yawa a garin, saboda haka naman halal da masallaci ba sa wuyar samu. Ka nemi socca a tsohon gari, waina ce mai faɗi ta garin wani irin wake da ake kira chickpea, ana cinta da zafinta. Abu guda da za a sani: bakin ruwan Nice tsakuwa ce, ba yashi ba, yara na bukatar takalmin roba.

Cannes na da yashi mai laushi, kuma kwale-kwale na kai mutum tsibirin Sainte-Marguerite cikin ɗan lokaci. Sai dai tsada. A watan Mayu, lokacin bikin finafinai, kada ma ka fara neman ɗaki. Monako kuwa ziyarar wuni ɗaya ta wadatar, tafiyar ƙasa da rabin awa ce daga Nice a jirgin ƙasa.

Menton ta fi dacewa da dattawa da masu son natsuwa. Tana dab da iyakar Italiya, sanyin hunturunta da sauƙi, kuma a watan Fabrairu ake bikin lemon tsaminta.

Abin da baƙi suka fi tsallakewa shi ne dutse, kuma hakan na ba ni takaici. Daga Nice, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba, kana cikin tsaunukan Alps. Gandun Mercantour, wanda aka kafa a 1979, yana da tafkuna a saman duwatsu, ga kwarin Vallée des Merveilles inda mutanen dā suka bar dubban zane a jikin duwatsu kusa da dutsen Bégo. Wannan tafiyar ƙafa ce ta gaske, ta masu ƙarfin gwiwa, kuma sai da rani. Da hunturu masu wasan ƙanƙara na tafiya Isola 2000 da Auron. Guguwar Alex ta yi wa kwarin Vésubie da na Roya mummunar ɓarna a Oktoban 2020, don haka ka tambayi halin hanya kafin ka hau. Can sama motar haya ta fi, kuma shagon halal ba ya samuwa kamar a gari, sai ka tafi da guzurinka.

Yuli da Agusta cunkoso ne da tsada. Ka zaɓi Yuni ko Satumba, ka yi kwana biyar a Nice, biyu a Saint-Martin-Vésubie, ƙaramin gari a kan dutse cikin kwarin Vésubie.