Keychron Q1 bayan wata takwas: kibod ɗin da ya yarda a buɗe cikinsa

Aikina bugun rubutu ne, daga safe har yamma yatsuna na kan maɓallai. Na yi shekaru da irin kibod ɗin da ke zuwa tare da kwamfuta, wanda shimfiɗar roba guda ce a ƙarƙashin maɓallansa, kana dannawa kamar kana taka katifar da ta gama mutuwa. Ban taɓa kawowa a raina akwai wani abu da ya wuce wannan ba, sai ranar da wani abokin aikina ya zaunar da ni gaban tsohon IBM Model M ɗinsa, irin wanda aka fara fitarwa a 1985. Kowane maɓalli da nasa sifirin, kana dannawa ya lanƙwashe ya ce ƙas. Layi biyu kawai na buga, na ji kamar yatsuna sun farka daga barci. Tun daga ranar abin ya shiga raina, har ya kai ni ga sayen Keychron Q1, wanda yau wata takwas ke nan ina aiki da shi.

Wanda na saya shi ne mara kaya, wato gangar jiki da allon lantarki kawai, babu makunnai babu hulunan maɓallai. Da gangan na yi haka, don ina so in zaɓi komai da hannuna. Ga wanda bai saba ba, kibod irin wannan hawa-hawa ne. A sama akwai hula, wadda yatsa ke taɓawa, harafi na rubuce a kanta. Ƙarƙashinta makunni, ɗan akwatin roba mai sifirin a ciki. Makunnan suna zaune cikin wani faranti, ƙafafunsu na ratsawa zuwa allon lantarki, duk kuma a rufe cikin gangar jiki.

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinsa ne. Alminiyam ne aka sassaƙa da inji, ya haura kilo ɗaya da rabi. Ka ajiye shi kan tebur ya zauna daram, duk yadda ka kai da zafin hannu ba zai gusa ba. Tsarinsa shi ne wanda ake kira kashi 75 cikin ɗari: an yanke ɓangaren lambobi na dama, an bar layin F1 zuwa F12 da kibiyoyi huɗu, maɓallai 80 da 'yan kai. Nawa yana da ɗan murɗi a kusurwar dama ta sama, ina ƙara sauti ko ragewa da shi. A cikin kwalin akwai wayar USB-C, da abin cire hula, da abin cire makunni, da sukundireba. Kamfanin da ya haɗa maka da sukundireba ya riga ya gaya maka cewa bai hana ka buɗewa ba, kuma wannan ne ya sa na fifita shi a kan sauran da na duba.

Ba sai ka iya aikin dalma ba. A da, in kana son sauya makunni, dole ka narka dalma a ƙafafunsa biyu na ƙarfe ka zuƙe, ka sa sabo ka sake liƙewa. A wannan allon akwai 'yan ramuka masu matsewa, makunni kawai za ka tura ya shige, in ka gaji da shi ka zare. Yana karɓar masu ƙafa uku da masu ƙafa biyar, muddin samfurin MX ne. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya fito da wannan samfuri a shekarun 1980, mai kan nan kamar alamar tarawa. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka shiga ƙerawa, shi ya sa yau makunnai suka yi yawa kamar jamfa a Jos, kuma hular wannan tana hawa kan wancan.

Iri uku ne a dunƙule. Akwai mai santsi, wanda ke sauka kai tsaye ba tangarɗa, kamar Cherry MX Red mai buƙatar nauyin kusan giram 45, yana kamawa a milimita 2, ya dire a milimita 4. Akwai mai ɗan tudu a tsakiya, kamar Brown, wanda yatsa ke ji a daidai inda harafi ya shiga. Sai mai ƙara, Blue, wanda duk ɗaki zai san kana aiki. Na so mai ƙara saboda tunawa da Model M, amma ba ni kaɗai ke zama a ɗakin da nake aiki ba, kuma haƙƙin kunnen mutane haƙƙi ne. Na tsaya a kan Gateron Yellow, mai santsi, wanda ya ɗan ɗara Red nauyi. Ya yi mini daidai, don hannuna da nauyi, Red na shigar mini da harafi tun ban yi niyya ba.

A nan ne aikin gaske yake, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne abin da hoton talla ba ya nunawa. Shafa wa makunnai mai. Kowane makunni sai an buɗe shi da ɗan ƙarfen buɗewa, ya rabu huɗu: murfin sama, gindi, sifirin, da ɗan sandan da ke hawa da sauka. Man da aka fi amfani da shi Krytox 205g0 ne, fari, mai kauri. Za ka tsoma bakin siririn buroshi, ka goge a gefen kwalba har ka ga kamar babu komai a jikinsa, sannan ka shafa a hanyoyi biyu na cikin gindin inda sandan ke zamewa, ka bi gefunan sandan. In ka ga fari-fari ya taru, ka yi yawa. Abin da ake so shi ne ɗan ƙyalli kawai idan ka ɗaga shi a haske.

Goman farko na cika musu mai. Tunanina in kaɗan ya yi daɗi, da yawa zai fi. Da na mayar da su na danna, sai na ji suna dawowa a hankali, kamar ƙafa a cikin taɓo. Sai da na sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na goge da kyalle, na faro daga farko. Dare uku na yi a kan aikin nan, fitila a gefe, faranti huɗu a gabana, kowane da nasa kashi. Ba zan ɓoye ba, a dare na biyu bayana ya ƙage, na tambayi kaina ko wahalar ta cancanta. Amsar ta zo lokacin da na riƙe shafaffe a hannun dama da wanda ban taɓa ba a hagu, na kai su kunne. Na hagu yana ɗan kartawa kamar yashi ya shiga, sifirinsa na amsa kuwwa. Na dama shiru, sai wani ɗan tuk mai zurfi idan ya dire. Ga mai makunni mai tudu, kada a shafa wa 'yan ƙafafun sandan, in an shafa tudun ya ɓace. Mai ƙara kuwa a ƙyale shi yadda yake.

Wajen sa su a allo na yi ɓarna ɗaya. Ƙafafun makunni jan ƙarfe ne siriri, in bai daidaita da rami ba ka danna da ƙarfi, sai ƙafar ta naɗe a ƙasa ba ka sani ba. Haka harafin D ya ƙi aiki. Na zare shi na ga ƙafar ta kwanta, na miƙe ta da hantsaki a hankali, ta koma. Tun daga nan kowane makunni sai na duba ƙafafunsa kafin in tura. In allon a waje yake, a tallafe ramin ta baya da yatsa, don matsi mai yawa na iya ɓamɓare shi daga allo, wannan kuwa gyaransa sai da dalma.

Manyan maɓallai huɗu, wato na tazara, da Enter, da Backspace, da Shift na hagu, suna da madaidaici, wata 'yar waya lanƙwasassa da ke hana su karkata idan ka danna gefe. A tsohon kibod ɗin da na fara koyo a kansa, maɓallin tazara na kaɗawa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma wayar nan ce ke bugun roba. Na Q1 ɗaure suke da sukurori a jikin allon, wanda ya fi na maƙalawa zama. Duk da haka na kwance su, na duba wayar a kan gilashi don in tabbatar ba ta karkace ba, na cika bakunanta da mai. A nan kam ba a rowa, saɓanin makunni. Idan mutum lokacinsa kaɗan ne, in ba shi shawara ya bar makunnai 80 ya gyara waɗannan huɗun. Maɓallin tazara shi ne wanda aka fi bugawa, bayan kowace kalma, in ya yi daɗi rabin kibod ya yi daɗi.

Farantin makunnan ba a ɗaure yake da gangar jiki ba. An matse shi ne tsakanin sama da ƙasa a kan wasu 'yan sosuna, shi ya sa idan ka danna da ɗan ƙarfi za ka ga ya ɗan nutsa ya dawo. Ido ba ya ganin abin a bakin komai, amma bayan awa shida na rubutu gaɓoɓin yatsuna sun san bambancin.

Huluna daga wani waje daban na saye su, robar PBT, wadda ba ta saurin yin sulɓi da ƙyalli kamar robar ABS. Maɓallin tazaransu ya zo a ɗan bankare, abin da ke faruwa da dogayen huluna na PBT idan suna hucewa bayan an zuba su. Na rubuta wa mai sayarwar har sau biyu, ko amsa babu, kuma abin ya ɓata mini rai. Ƙarshe na jiƙa shi a ruwan zafi, na danne da littattafai a kan shimfiɗaɗɗen tebur har ya huce, ya miƙe. Wani abin yabo a allon lantarkin shi ne 'yan fitilunsa da ke haska maɓallai suna fuskantar mai rubutu, ta ƙasan makunni. A allunan da fitila ke sama, gajerun huluna samfurin Cherry kan gogi jikin wasu makunnai a layin tsakiya. A nan babu wannan damuwa.

Sai manhaja. Yana aiki da QMK, wadda buɗaɗɗiya ce kowa na iya gyarawa, da kuma VIA, inda za ka ga hoton kibod ɗinka a allon kwamfuta ka sauya aikin kowane maɓalli nan take. Abin da ka sauya a cikin kibod ɗin yake zama, ko ka kai shi wata kwamfuta yana nan. Yana da shimfiɗa huɗu, wato tsari huɗu na aikin da maɓallai ke yi, biyu na Mac biyu na Windows, da ɗan makunni a baya na sauyawa. Caps Lock, wanda ban taɓa amfana da shi ba, na mayar da shi Ctrl, ɗan ƙaramin yatsana ya huta da miƙewa. Abin da ya fi faranta mini shi ne ƙ da ɗ da ɓ. Ta hanyar QMK na ɗora su a kan K da D da B, in na riƙe maɓalli ɗaya su fito. Wannan ya fi ƙarfin VIA ita kaɗai, sai da na shigar da lambobinsu na Unicode, wato lambobin da kwamfuta ke gane haruffa da su, 0199 da 0257 da 0253, na sake loda manhajar, na kuma saita kwamfutar ta karɓa. Yini guda ya ci, amma yanzu ba na tsayawa tsakiyar jimla ina neman harafi.

Ba kowa zai dace da shi ba. Mai aikin lissafi da ke shigar da lambobi duk rana zai yi kewar ɓangaren dama. Wannan samfurin da waya yake aiki, mai son mara waya sai ya duba Q1 Pro. Ba abin sawa a jaka ana yawo ba ne. Yana da tsayi ta gaba, sai da na samo matashin katako na ɗora wuyan hannuna kafin na saba. Wanda kuma ba ya son kwance-kwance, ya sayi haɗaɗɗe ya yi aikinsa, babu laifi, sai dai ya biya kuɗin ƙofar da ba zai taɓa buɗewa ba.

Ni kam na buɗe shi sau biyar zuwa yanzu, kuma sukurorinsa ba su gaji ba. A makon jiya na zare makunnan layin lambobi na sa masu tudu, don in riƙa jin inda nake ba tare da na duba ba. Aikin bai kai minti ashirin ba. Ragowar Yellow ɗin suna cikin kwalba a aljihun tebur, ƙanena ya riga ya ce in ajiye masa su.