Kafin ka sayi ƙwayoyin TLD, ka san irin radiyeshin ɗin da za ka auna

Ƙwayar TLD, wadda ake auna yawan radiyeshin da ita, ɗan kiristal ne da ake sa wa wasu sinadarai kaɗan da gangan tun wajen haɗa shi. Su ne ke samar da tarkuna a cikinsa. Idan radiyeshin ya ratsa, ilektiron su maƙale a tarkon. A ɗora ƙwayar a na'urar karantawa a dumama, su kuɓuce suna ba da haske, hasken kuma shi ne awon. Sai dai kiristal ɗaya ba ya amsa wa kowane nau'in radiyeshin (gamma, eksire, nutiron, beta, alfa) iri ɗaya, kuma a nan masu saye ke yin asara.

In aikinka awon abin da jikin ma'aikaci ko majinyaci ya sha ne, kiristal ɗin LiF:Mg,Ti, wato TLD-100, shi ne zaɓi na farko. Lambar atom ɗinsa a matsakaici kusan 8.2 ce, ta naman jiki kuwa 7.4, wato suna kusa, saboda haka ko gamma ta sinadarin Co-60 ce mai kuzarin 1.17 da 1.33 MeV, ko ta Cs-137 mai kuzarin 662 keV, abin da ya karanta bai cika kauce wa na jiki ba. Yana da haƙuri kuma: a gasa shi a digiri 400 na ma'aunin Celsius na awa ɗaya don a share tarkunan, ya koma aiki.

Ɗan'uwansa LiF:Mg,Cu,P ya fi shi jin ƙaramin radiyeshin fiye da ninki goma, amma ba ya jure zafi. Ya wuce digiri 240, ƙarfinsa ya ragu ke nan har abada. Wanda tandarsa ba ta riƙe zafi daidai, gara ya haƙura da shi.

CaSO4:Dy yana da ji sosai, ya dace da awon muhalli. Amma kalsiyam ɗin cikinsa na sa ya zuzuta hasken eksire mai ƙarancin kuzari. Wajen 30 keV karatunsa kan kai kusan ninki goma na gaskiya in ba a rufe shi da matacin ƙarfe ba. A ganina ba na ɗakin eksire ba ne.

Nutiron kuwa sai da tagwaye: TLD-600 mai Li-6 yana jin nutiron da gamma, TLD-700 mai Li-7 gamma kusan kawai yake ji, ka cire karatun TLD-700 daga na TLD-600, abin da ya rage shi ne na nutiron. Beta na son ƙwaya siririya domin ba ya shiga nesa. Alfa, irin na Am-241, yana zube kuzarinsa a ɗan siririn layi, tarkunan wurin su cika, sauran ya tafi a banza, shi ya sa haskensa ya gaza na gamma ƙwarai ko da adadin radiyeshin da ƙwayar ta sha ɗaya ne.

Ka tambayi mai sayarwa da wane tushen radiyeshin aka daidaita awon ƙwayoyin. In da Co-60 ne, ka duba ranar da aka auna ƙarfin tushen, domin ƙarfinsa na raguwa da rabi duk shekara 5.27, Cs-137 sai kusan shekara 30.