Ƙunshin crackme na Haiku: na bakwai ya ɓata min rai

Ban ko yi ciniki ba da na ga ana sayar da ƙunshin nan na crackme, wato ƙananan manhajojin da ake yi don ka gwada gano kalmar sirrinsu, domin duk inda ka leƙa crackme na Windows da Linux ne suka cika gari. Mu masu Haiku, babbar manhajar sarrafa kwamfuta wadda aka fara tun 2001 don ta gaji BeOS, ba mai tunawa da mu.

Na farko-farkon sun yi daɗi, ba ƙarya. Ka buɗe fayil a Ghidra, manhajar tona cikin manhajoji, ka nemo MessageReceived, aikin da ke karɓar saƙonni a manhajar Haiku, ka gano lambar saƙon da maɓallin ke aikawa, galibi haruffa huɗu irin na '_QRQ', sai ka bi sawunta har inda ake gwada kalmar sirri. Debugger, manhajar bin sawun aikin manhaja da ke zuwa da Haiku, ma ya wadatar. Har na fara tallata shi ga abokai.

Sai na bakwai. Ya ƙi tashi sam a Haiku ta 64-bit, kuma babu inda mai sayarwar ya rubuta cewa da gcc2 na 32-bit, tsohuwar manhajar haɗa manhajoji, ya haɗa shi. Na ƙona data na sauko da Haiku ta 32-bit, na girka a VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. Sunayen ayyukan duk suka fito a cukurkuɗe, sai da na kunna tsohon demangler na Ghidra, mai warware irin waɗannan sunaye, suka karantu. Wannan na yafe, ai wahalar ce muka saya.

Abin da ban yafe ba shi ne gwajin kansa. Manhajar ta ce dole kalmar ta zama harafi 8, tana tara ƙimar kowane harafi, sannan ta kwatanta jimillar da 2304. Jama'a, harafi ɗaya ba ya wuce 255. Takwas ɗinsu gaba ɗaya 2040 ke nan. Ta ina za a kai? Na hana idona barci ina neman dabarar da aka ɓoye, ko akwai wani zaren aiki na manhajar da ke sauya lambar a bayan fage. Wallahi babu komai. Kuma dokar mai sayarwar ta hana taɓa fayil ɗin, wai kalma kawai za ka nemo. An ba ka kwaɗo ne ba a ƙera masa mabuɗi ba.

Na tura masa lissafin dalla-dalla. Amsar da ya ba ni ita ce in ƙara ƙoƙari. Ƙoƙarin me, Malam? Kai ka taɓa buɗe shi?

Na takwas da na tara suna da kyau, musamman wanda ya ɓoye mabuɗinsa a bayanan gefen fayil na BFS, tsarin ajiye fayiloli na Haiku, dabarar da sai ɗan Haiku zai yi tunaninta. Saboda shi na so in ba da tauraro huɗu. Amma da na tuna amsar nan da datar da na ƙona, biyu zan bayar, kuma ba zan ƙara ba sai ya gyara na bakwai.