Firataniti ta Kirista ko zumuntar ɗalibai: wacce yaron zai shiga a Teksas?

Mama, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya kai yaronki jami'arsa ta Teksas lafiya. Tsakanin gayyatar nan biyu da kika ce an turo masa, ta firataniti (ƙungiyar 'yan'uwantakar ɗalibai mai suna da haruffan Girka) da ta InterVarsity (zumuntar ɗalibai Kirista), ya shiga InterVarsity. Firataniti ta jira shi sai shekara ta biyu, in har lokacin yana da sha'awa kuma aljihu ya yarda.

Na san abin da ke fara faɗo wa uwa 'yar Najeriya in ta ji ƙungiyar samari a jami'a. Ki kwantar da hankalinki, waɗannan ba 'yan asiri ba ne masu gatari da rantsuwar jini. A fili suke harkarsu, suna yawo da haruffansu a ƙirji, wasu ma suna da gida a bakin makaranta. Na Kirista sun taso ne domin matasan da ke son irin wannan zaman 'yan'uwantaka amma ba sa son giya da shashancin da aka san sauran da shi. Kuma sun daɗe. Alpha Delta Chi ta mata ta fara a 1925 a jami'ar UCLA da ke Kalifoniya, Alpha Gamma Omega ta maza ta biyo baya a can a 1927. Teksas ɗin da zai je kuwa nan ne matattararsu: Beta Upsilon Chi, wadda ake gajarta wa BYX, an kafa ta a 1985 a Jami'ar Teksas da ke Ostin, Sigma Phi Lambda ta mata a 1988 a makaranta guda, sai Kappa Upsilon Chi a Texas Tech a 1993. Baƙaƙen fata ma suna da tasu, Alpha Nu Omega, da aka kafa a Jami'ar Morgan State a 1988.

Matsalar kuɗi ce da lokaci. Ba a shiga haka kawai. Akwai makon neman sababbi, a yi hira da kai, su zauna su yanke ko ka dace da su, sannan ka yi watanni a matsayin ɗan gwaji kafin a kira ka ɗan'uwa. Kowane zangon karatu akwai kuɗin mamba, ga riguna, ga liyafar da sai da kwat da taye, ga tafiye-tafiyen ƙarshen mako. Yaron da ya shigo da bizar ɗalibai ta F-1 doka ta ba shi aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta, kuma dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 (ma'aunin yawan darussa) a zango ko takardunsa su lalace. Duk dalar da zai kashe a liyafa ke ce za ki canza ta daga naira.

Ni na zauna zango guda a wata ƙaramar firataniti, ba cikin waɗanda na lissafa ba. Yaran kirki ne, ba giya, suna addu'a, ba zan yi musu sharri ba. Sai dai hirarsu ƙwallon Amurka ce da sansanin coci da suka je tare tun suna yara, ni kuwa ina zaune kamar wanda ya raka aboki gidan biki. Rigunan suna nan a ƙasan akwati.

Zumunta irin InterVarsity kuwa ƙofa ce a buɗe. Ba kuɗin mamba, ba zaɓe, maza da mata, kuma ba a tambayar cocinka. Yaron ma ba baƙonta ba ne. InterVarsity ta Amurka, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1941, ita da NIFES ta jami'o'inmu uwarsu ɗaya, wato IFES, haɗakar zumuntocin ɗalibai ta duniya, da aka kafa a 1947. In ya yi FCS a sakandare, zai gane tsarin tun zama na farko. Abin da zai zame masa sabo shi ne yadda suke nazarin Bisharar Markus: a buga ta a takardu ba lambar sura ba lambar aya, a zube alƙaluma masu launi a tsakiyar tebur, kowa ya yi ta ja wa kalmomin da suka maimaitu layi, a yi gardama a kan shafi guda har dare. Ni da na taso ina haddace ayoyi a makarantar Lahadi, a wurin ne na fara ganin Markus a matsayin labari guda mai kai da gindi.

Abin da ya ɗaure ni da su dai ba nazarin ba ne. Ƙarshen Nuwamba akwai bikin godiya na Amurkawa, makaranta ta watse, ɗakin cin abinci a rufe, motocin haya na makaranta sun tsaya. 'Yan ƙasa kowa ya tafi gida. Ma'aikatan zumunta suka raba mu, mu baƙi, ga iyalan coci. Ni da wani ɗan Koriya da wata 'yar Habasha muka faɗa gidan wata tsohuwa. Ta ji labarin muna cin kuɓewa, sai ta soya ta da garin masara irin na mutanen kudancin Amurka, ta ajiye a gabana tana jiran yabo. Na ci, na gode, na ce mata mu miya muke yi da ita. Ba ta bar ni na tafi ba sai da na shiga kicin na kaɗa mata miyar kuɓewa, muka tuƙa tuwo da ragowar garin. Yauƙin ya ba ta tsoro, amma ta sa hannu ta ci. Mijinta ne daga baya ya koya mini tuƙi a filin ajiye motoci na cocinsu, da motarsa na je gwajin lasisi. Wannan ne yaro ke bukata a shekarar farko: wanda zai ɗauko shi daga filin jirgi, ya kai shi kantin Walmart ya sayi bargo, ya lura in ya kwana biyu bai fito ba.

In InterVarsity ta makarantarsu ba ta da ƙarfi, ya duba Cru, wadda Bill Bright da matarsa Vonette suka fara a 1951. Ita ce muka sani da Great Commission Movement a Jos, kuma tana da sashen ɗaliban ƙasashen waje mai suna Bridges International. Chi Alpha ma zumunta ce ta Assemblies of God, kada haruffan su ruɗe shi.

Abin da zan ba firataniti shi ne tsofaffin mambobinta suna jan na baya wajen neman aiki, kuma abotar cikinta tana ɗorewa. Shi ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma ki gargaɗe shi. Da zarar an buɗe masa imel na makaranta, saƙonni za su fara shigowa daga wasu masu haruffan Girka, wai an zaɓe shi cikin haziƙai, ya biya kuɗi kafin Juma'a a aiko masa da satifiket. Yaron da bai rubuta jarrabawa ko ɗaya ba, wa ya san hazaƙarsa? 'Yan kasuwa ne, takarda kawai suke sayarwa. Haka nan duk ejan da ya ce miki shiga wata ƙungiyar Kirista zai sauƙaƙa biza ko ya kawo tallafin karatu in kin biya kuɗin rajista, ɓarawo ne. Akwai kuma masu tare sababbi a hanya da murmushi, bayan wata guda su ce baftismarsa ta gida ba ta yi ba, ya daina sauraron iyaye da fastonsa. Ya gudu.

Duk ƙungiyar da ta neme shi, ya duba sunanta a jerin masu rajista a shafin jami'ar. In babu, ya tambayi dalili, domin wani lokaci rikicin doka ne. A 2010 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke, alƙalai 5 da 4, cewa jami'ar gwamnati na iya tilasta wa ƙungiyoyinta karɓar kowa, kuma a 2014 jami'o'in jihar Kalifoniya suka janye rajistar InterVarsity kanta saboda ta dage sai Kirista ne zai shugabance ta, kafin a sasanta a 2015. In kuma ya kai ga firataniti nan gaba, dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2024 ta wajabta wa jami'o'i bayyana ƙungiyoyin da aka kama da azabtar da sababbi, sai ya karanta rahoton kafin ya biya ko sisi.

Ki ce ya amsa wa mutanen InterVarsity yau, ya ba su ranar saukarsa da lambar jirgi. Kuma don Allah kada ki sa masa kilishi a jaka, kwastam ɗinsu ba sa barin nama ya wuce.