Brownie Lamba 2: Akwatin Kwalin da Har Yau Yake Ɗaukar Hoto

Duk wanda ya ga wannan kyamara a hannuna sai ya tambaya ko tana aiki. Tana yi. Kodak Brownie Lamba 2 ce, wadda kamfanin George Eastman na birnin Rochester a jihar New York ya fitar a 1901 a kan dala 2, aka ci gaba da ƙera ta har 1935. Tawa ta kwali ce da aka lulluɓe da wata baƙar fatar roba, gefunanta duk sun goge. Gwanjo na saye ta, kuma abin da ya ja ni shi ne fim ɗinta: lamba 120, wanda aka ƙirƙira dominta, har gobe ana buga shi ana sayarwa.

Ba batir, ba allo, ba saitin nisa. Gilashin ido ɗaya ne tak. Akwai ɗan ƙarfe a gefe, ka tura shi ƙasa ka ji "ƙas", hoto ya ɗauku. Na gaba kuma sai ka tura shi sama. A samanta akwai harshen ƙarfe da ake ja, mai ramuka uku, don rage haske ko ƙara shi. Su ne manyan kayan aikin. Naɗin fim ɗaya hoto 8 yake bayarwa, kowane nagetif santimita 6 a 9, ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 wajen sau shida.

Sai ka riƙe ta sannan za ka gane abin da Eastman ya sayar wa duniya. Kafin zuwansa, mai hoto rabinsa mai haɗa magunguna ne. A salon da Frederick Scott Archer ya fito da shi a 1851, gilashi ake shafa wa sinadari, a ɗauki hoton a kuma wanke shi tun bai bushe ba, don haka duk inda mutum zai je sai da tantin duhu da kwalabe. Eastman ya sauke wa mutane wannan kaya. Kodak ɗinsa ta 1888 dala 25 ce, cikinta da fim na hoto 100. Idan ya ƙare ka aika kyamarar ɗungurungum Rochester, su wanke, su sa sabo, su dawo maka da ita. Amma dala 25 a wancan zamani ba kuɗin talaka ba ne. Brownie ta farko, ta 1900, ita ta karya farashin zuwa dala 1, har da yara aka yi wa tallarta. Fim mai lanƙwasuwa na kamfanin nan kuma shi William Dickson, mataimakin mai ƙirƙira Thomas Edison, ya tsaga biyu a ɗakin gwaje-gwajen Edison, aka sami faɗin milimita 35 da sinima ta rayu a kansa.

To, yaya hotunan? Tsakiyarsu tar, gefuna kuwa da ɗan dishi-dishi, kuma ni wannan ne ya burge ni: fuskar mutum na fitowa da wani taushi da wayar hannu ba ta bayarwa ko da an yi mata kwaskwarima. Sharaɗi dai mutum ya ja baya kamar mita 3, ya kuma tsaya cak, domin murfin hasken ba shi da sauri. Yaro mai gudu, inuwarsa kawai za ka samu.

Wahalarta a wajen leƙe take. Ƙananan tagogi biyu ne, ɗaya na hoton tsaye ɗaya na kwance, kowace ba ta fi farcen babban yatsa ba. A daidai cikinka kake riƙe kyamarar kana duban ƙasa, madubin tawa kuma ya yi tsatsa-tsatsa, sai da na goge shi da auduga kafin in iya bambanta kai da kafaɗa. Haka nan babu abin da zai hana hoto biyu su hau kan juna, don haka da ka ɗauka ka murɗa fim nan take.

Akwai kuma jar tagar baya, inda ake ganin lambar hoto a takardar fim. Fim ɗin da can jan haske bai dame shi ba, na yanzu kuwa yana kama kowane launi. Ka manna baƙin tef a kanta, ka ɗaga kawai lokacin murɗawa, a inuwa. Fim mai ƙarfin 100, wato lambar da ke nuna saurin kama haskensa, ya fi dacewa da ita. Mai 400 a tsakar rana wanke hoton yake yi fari fat.

Ba zan ce ka saye ta don biki ko aikin neman kuɗi ba. Ta mai haƙuri ce, wanda zai iya jiran a wanke fim kafin ya ga abin da ya ɗauka. Idan za ka saya, ka buɗe bayanta ka haska fitila ka ga ko kwalin ya huje, sannan ka karanta lambar fim da kyau. Brownie da yawa na baya fim 620 suke ci, wanda Kodak ta daina yi tun 1995, kuma ƙwarƙwaron 120 ya yi musu kauri.